Taken shafi da kalmomin mai saye: shaidar mai gyaran shafukan 'yan kasuwa a Legas

Assalamu alaikum. Sana'ar da nake ci da ita a Legas ita ce gyaran gidajen yanar gizo na 'yan kasuwa, don masu nema su riƙa cin karo da su a Google. Yawancin masu kawo mini aiki 'yan uwanmu ne na Arewa: masu raguna a Alaba Rago, dillalan albasa da tattasai a Mile 12, teloli a Agege da Idi-Araba, matan da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin gida, da samarin da ke sayar da waya a Computer Village ta Ikeja. Shaidar da zan bayar ta abin da aikin nan ya nuna mini ce a kan abu biyu da ake yawan rainawa, wato taken shafi da kalmomin da mai saye ke rubutawa in ya tashi nema.

Koken kusan iri ɗaya ne. Mutum zai ajiye waya a kan tebur ya ce, "Malam, na kashe kuɗi an gina mini shafi mai kyau, amma in na nemi kayana a Google sai in ga na wasu, ni ko ƙeyata ba a gani." Amsata kullum ita ce, "Alhaji, bari mu ga abin da Google yake gani tukuna." A akwatin nema ake rubuta site: sai a manna adireshin gidan a jikinsa, ba tazara. Shafukan da Google ya sani a gidan za su jero. In babu abin da ya fito, ciwon ya wuce take, zan zo kansa a gaba. In sun fito, sai a karanta shuɗin rubutun da ke saman kowanne. Galibi abin da ake tararwa shi ne "Home", ko "Welcome to our website", ko sunan kamfani tsirararsa an maimaita a shafi ashirin.

Wannan shuɗin rubutu shi ne take, kuma shi ne allon shagonka. Wanda ya kama shago a Balogun ya rubuta "Barka da zuwa" kaɗai a allo, bai ce atamfa yake sayarwa ko takalmi ba, kada ya ga laifin masu wucewa.

Ana yawan haɗa take da kanun da ke cikin shafi, alhali abu biyu ne. Kanu shi ne babban rubutun da mai karatu ke gani bayan ya shiga. Take kuwa yana cikin lambobin ginin shafin, kuma a kwamfuta ana ganinsa a ɗan kunnen da ke saman burauza in an ɗora linzami a kai. Wanda aka gina wa gidansa da WordPress ba ya bukatar taɓa lambobi. In an saka masa ƙarin manhaja irin su Yoast SEO ko Rank Math, kowane shafi yana zuwa da gurbin take da gurbin taƙaitaccen bayani, har da samfurin yadda za su fito a Google.

Dalilin da ya sa take ke da nauyi yana cikin yadda Google ke aiki. Yana da manhaja mai yawo, Googlebot, wadda ke bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana kwafe abin da ta gani tana kai wa rumbu. In ka rubuta tambaya, ba intanet ake zagayawa a wannan lokacin ba. Rumbun ake buɗewa a zaɓo shafukan da suka dace, a jera su. Ma'aunan jerawar suna da yawa. Tun kafuwar kamfanin a 1998, abin da Larry Page da Sergey Brin suka shahara da shi shi ne auna darajar shafi da mahaɗan da wasu gidaje suka yi masa, kuma har gobe wannan yana da tasiri. Take ba shi ne mafi girma a cikin ma'aunan ba. Amma shi ne wanda ke hannunka gaba ɗaya, ba ya cin kobo, kuma shi mai nema ke fara karantawa kafin ya yanke shawarar wanda zai latsa.

Tsawonsa na da iyaka. Google ba haruffa yake ƙirgawa ba, faɗi yake aunawa, kusan fiksel 600 a kwamfuta, wanda ke kamawa harafi 50 zuwa 60. Abin da ya haura sai a datse shi da ɗigo uku. Manyan baƙaƙe sun fi cin wuri, don haka mai rubuta take duka da manyan baƙaƙe yana rage wa kansa fili ne, ga kuma kama da ihu. Saboda wannan datsewar, tsarin jeri ya zama wajibi: kaya a farko, sai wuri, sai abin da ya bambanta ka, sunan shago a ƙarshe.

Ga irin taken da ake samu a shafin mai raguna: "Wane Global Ventures Nigeria Limited – Dealers in All Kinds of Livestock and General Merchandise". Kafin a kai ga maganar dabbobi an riga an datse, kuma kalmar rago ba ta fito ko sau ɗaya ba. Gyararrensa shi ne: "Ragunan Layya a Alaba Rago, Legas – Farashin 2025 | Wane". Harafi 56 ke nan har da tazara. Ya faɗi kaya, ya faɗi kasuwa, ya yi alkawarin farashi, kuma sunan Alhaji bai ɓata ba. A nan ake yawan samun ja-in-ja, don mai dukiya yana son sunansa a gaba. Abin da nake faɗa masa shi ne, "Ranka ya daɗe, wanda ya san sunanka yana da lambarka, kiranka zai yi. Wannan layi na wanda bai san ka ba ne." Shafin farko na gida kaɗai ya cancanci suna a gaba, shi ma a biyo shi da bayanin sana'a.

Kowane shafi da takensa. Mai raguna da ke da Balami da Uda da 'Yankasa, in yana da abin faɗa a kan kowanne, hotuna da girma da farashi, to kowane iri ya samu shafinsa da takensa. In take ɗaya aka liƙa musu duka, Google zai rasa wanda zai nuna wa mai neman Balami. Akwai kuma kishiyar wannan: shafi uku a gida ɗaya duk suna farautar kalma ɗaya. Sai su riƙa ture juna, yau wannan ya fito, gobe wancan, babu wanda ya zauna daram. Maganinsa a haɗe su wuri guda, a karkatar da tsofaffin adireshin zuwa wanda aka bari.

Wani abu da ke ɗaure wa mutane kai shi ne su rubuta take, su duba Google, su ga wani daban. Ba kutse aka yi musu ba. A Agustan 2021 Google ya canza yadda yake fitar da take, kuma wata guda bayan haka ya ce yana amfani da wanda mai shafi ya rubuta a kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta. A sauran yakan ɗauko daga kanun shafin, ko wani fitaccen rubutu a ciki, ko kalmomin da aka yi mahaɗi da su zuwa shafin. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: take ya yi tsawo da yawa, ko an cusa masa kalmomi, ko iri ɗaya ne a shafuka da yawa, ko shekarar da ke jikinsa ta tsufa alhali cikin shafin ya nuna sabuwa, ko kuma take na faɗin abu ɗaya shafi na faɗin wani. In take da kanu suka yi kusa da juna a ma'ana, kuma dukansu gaskiyar abin da ke ciki suka faɗa, da wuya a taɓa maka.

Yanzu kalmomin nema, inda mafi yawan aikin yake. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai kaya ya zauna ya zaɓi kalmomin da shi yake kiran kayansa da su. Mai saye ba ya cikin kansa. Wuri na farko da nake aika mutum shi ne WhatsApp ɗinsa. Ya koma kan saƙonni hamsin ko ɗari na sababbin masu ciniki, ya kwafe jimlar farko ta kowanne a takarda, yadda aka rubuto ta, har da kuren rubutu. Telan Agege da ke ce wa kansa mai ɗinkin babbar riga zai tarar rabin masu tambaya agbada suke cewa, wasu kaftan, wasu senator. Mai raguna zai tarar Yarabawa Musulmi, waɗanda su ne kasuwarsa babba a Legas, Ileya suke kiran Babbar Sallah. Shafin Turancin da bai ambaci Ileya ba ya bar kuɗi a ƙasa.

Wuri na biyu akwatin Google ne da kansa. A buɗe tagar sirri ta burauza don kada tsohon bincikenka ya gurɓata sakamako, a rubuta farkon jimla, a tsaya. Abin da Google ya cike da shi daga abin da mutane ke nema ya samo asali. A rubuta sunan kayan a bi shi da harafi ɗaya, a, sai b, sai c, har ƙarshe, ana kwafe masu amfani. A gangara ƙasan shafin sakamako a kwashi jerin neman da ke da alaƙa, da tambayoyin da ake nunawa a tsakiya. Minti talatin na wannan aiki yakan cika shafin littafi.

Google Trends yana da amfani wajen kwatanta kalmomi da dama a lokaci guda. A zaɓi Najeriya, a zaɓi shekara biyar, za a ga lokacin da nema ke tashi da jihohin da ya fi ƙarfi. Sai dai a kula, lambobinsa daga 0 zuwa 100 ba adadin mutane ba ne, kwatance ne da lokacin da neman ya kai ƙololuwa. Keyword Planner da ke cikin Google Ads shi ke ba da ƙiyasin adadi, amma ga wanda ba ya biyan talla yakan nuna tazara mai faɗi, kamar 100 zuwa 1,000 a wata. Kuma in kalmar Hausa ce, sau da yawa ba ya nuna komai. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Na'urar auna babbar kasuwa ce, ƙananan lambobi kan zube mata. A ganina ma nan ribar take, don shafukan Hausa masu inganci a kan kasuwanci ba su da yawa, kuma wanda ya rubuta mai kyau ba shi da abokan takara kamar na Turanci.

Bayan an tara kalmomi sai tankaɗe. Tambaya biyu ake yi wa kowace. Ta farko, me mai rubuta ta yake so? Wanda ya rubuta "yadda ake kiwon rago" ilimi yake nema. Wanda ya rubuta "farashin rago a Legas" hannunsa na kan aljihu. Hanyar ganewa ita ce a nemi kalmar a duba shafin farko na sakamako. In bidiyoyin koyarwa ne suka cika shi, shafin sayarwa ba zai samu wuri ba komai kyan takensa. Ta biyu, su wa ke zaune a wurin? In ka nemi gajeriyar kalma irin sunan waya kawai, Jumia da Jiji da kamfanin da ya ƙera ta za ka tarar, kuma ɗan shago a Ikeja ba zai ture su ba. Sai ya tsawaita: sunan wayar, da cewa ta hannu ce, da Computer Village. Masu neman wannan kaɗan ne, amma kusan duk masu saye ne, kuma suna kusa. Kowane shafi a ba shi babbar jimla ɗaya da 'yan rakiya biyu ko uku masu ma'ana ɗaya da ita.

Harshe a Legas sai an yi masa tsari. Mai son kama Bahaushe da Bayarabe da Ibo gaba ɗaya yakan cakuɗa Hausa da Turanci a shafi guda, layi wannan layi wancan. Google daga rubutun da ke bayyane yake gane harshen shafi, don haka cakuɗawar rikita shi take yi. A yi shafi biyu, na Hausa da na Turanci, kowanne da adireshinsa da takensa, a sa mahaɗi a tsakaninsu. Mai ginin ya saka alamar hreflang, ha ga Hausa, en ga Turanci, don a nuna wa kowa nasa. Na Hausar kuma mutum ya rubuta shi. Fassarar na'ura da ba a gyara ba, mai karatu na gane ta tun a layin farko, ya fice.

Sai baƙaƙe masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin masu waya ba sa rubuta su in suna nema. A cikin shafi a rubuta Hausa daidai, wannan mutuncin harshe ne. A take kuwa, in babbar kalmarka na da lanƙwasa, ka nemi siga biyun a Google ka kwatanta sakamako, sannan daga baya ka duba wadda ke kawo maka mutane. A adireshin shafi dai babu shawara, a yi amfani da baƙaƙe marasa lanƙwasa. Harafin ƙ ɗaya in aka kwafe adireshi yakan rikiɗe ya koma %C6%99, sai mahaɗin da ka tura wa mai ciniki ya yi kama da na 'yan damfara. Adireshi ya zama gajere, ƙananan baƙaƙe, da karan ɗori tsakanin kalmomi: ragunan-layya-alaba-rago. Kada a sa shekara a ciki. Sai batun sunan gari: wasu Legas suke rubutawa, wasu Lagos ko da da Hausa suke nema, dattawa kuma Ikko. Ɗaya a take, sauran su shigo cikin bayani inda suka dace.

Inda ake ajiye kalmar bayan take ba yawa: a kanu, a cikin layukan farko, a ƙaramin kanu ɗaya in ya dace, a adireshi, da bayanin hoto. Shi ke nan. Sauran rubutun ya amsa abin da mai saye zai tambaya da baki. Dillalin Mile 12 ya faɗi girman kwando ko buhu, daga ina kayan suka zo, ranar da aka sabunta farashi, ko ana kai wa har gida da unguwannin da ake kaiwa, da mafi ƙarancin abin da ake saya. Mai gidan abinci a Surulere da ta samu waɗannan amsoshi ba ta da dalilin komawa ta latsa na wani.

Har yanzu akwai masu gini da ke sayar wa mutane dabarun da suka mutu. Akwai wani ɓoyayyen gurbi da ake jera kalmomi a ciki, meta keywords. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako. Wanda ya karɓi kuɗinka don cike shi aikin banza ya yi maka. Akwai maimaita kalma sau talatin a shafi, da rubuta kalmomi da farin launi a kan farin bango don mutum kada ya gani. Akwai wanda ya fi yawa a Legas, wato jera sunayen unguwanni a ƙasan shafi, Ikeja, Yaba, Lekki, Ajah, Ikorodu, Festac, har layi goma, ko a kwafi shafi ɗaya sau ashirin ana canza sunan unguwa kawai. Duk waɗannan suna cikin abin da dokokin Google suka kira shara. Cikin sauye-sauyen da Google ya yi wa tsarin jerawarsa, Panda na 2011 ya dira a kan shafuka marasa ingantaccen bayani, Penguin na 2012 ya bi ta kan masu cusa kalmomi da mahaɗan bogi, kuma daga 2019 da aka shigo da BERT, wata fasahar gane harshe, fahimtar jimla gaba ɗayanta ta ƙaru sosai. In da gaske kana kai kaya Ikorodu, faɗi kuɗin mota da ranar da ake kaiwa. Wannan bayani ne, ba cusawa ba.

Taƙaitaccen bayanin da ke ƙarƙashin take ba ya ɗaga shafi a jeri, amma yana jawo latsawa. Harafi kusan 155 ya isa. A sa abin da take bai ɗauka ba, kamar ana kai wa gida, ana iya zuwa a gani da ido, ana buɗewa har Lahadi. Google yakan ajiye shi ya ɗebo wani yanki daga shafin in ya ga ya fi dacewa da tambayar, wannan ba abin damuwa ba ne.

Na ce zan dawo kan gidan da bai fito ba sam. A WordPress, cikin Settings, sashen Reading, akwai ɗan akwati da ke roƙon injunan nema kada su saka gidan a rumbu. Masu gini kan latsa shi lokacin aiki don kada a ga gini bai ƙare ba, sai a miƙa gida a manta da shi. Cire wannan alamar kaɗai ya isa ya dawo da gidan da ya yi wata da watanni a duhu. Ciwo na biyu shi ne shafin da duk bayaninsa a cikin hoto yake. An yi takardar talla mai kyalli, suna da farashi da lambar waya duk a jikinta, an ɗora, babu rubutu ko layi ɗaya a shafin. Duk abin da ke jikin hoton a sake rubuta shi a matsayin rubutu. Sunan hoton ma a canza shi daga IMG_2034 zuwa rago-balami-alaba-rago, a cike gurbin bayaninsa da jimla ɗaya mai faɗin abin da ke ciki.

Hotunan su ne kuma ke kashe gudu. Hoton waya ɗaya kan kai megabait uku zuwa biyar, a jera goma a shafi, mai nema yana cikin danfo a go-slow ɗin Oshodi da sabis mai rauni, ba zai jira ba. A rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1,200, a matse shi ya dawo ƙasa da kilobait 200. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma PageSpeed Insights na auna wannan kyauta. A duba sakamakon waya, ba na kwamfuta ba, don a 2023 Google ya sanar da kammala komawa ga karanta shafuka ta fuskar waya. Abin da aka ɓoye wa mai waya, kamar babu shi ne.

Duk wannan gyara ba a sanin amfaninsa sai da Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai gida yadda shafukansa ke fitowa a nema. Kyauta ne. A tabbatar da mallakar gida, a miƙa taswirar shafuka, sannan duk shafin da aka canza wa take a saka adireshinsa a gurbin dubawa a nemi a sake karanta shi. Kuma a buɗe Search Console ɗin da imel ɗin mai dukiya, ba na mai gini ba. Haka sunan gidan, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin hukumar NiRA, a yi rajistarsa da sunan mai shi. Ranar da aka ɓata da mai gini, wanda bai yi haka ba zai rasa gida da tarihinsa gaba ɗaya.

Rahoton Search Console na nuna abu huɗu ga kowace kalma: sau nawa aka nuna ka, sau nawa aka latsa, kason latsawa, da matsakaicin matsayi, kuma yana riƙe bayanan wata 16. Karatunsa shi ne sana'ar. A ce an nuna shafi sau 2,000 a wata, yana matsayi na biyar, amma latsawa 10 kacal. Wannan ciwon take ne, ana ganin ka ana wucewa, sai a duba taken waɗanda ke sama da ƙasa da kai a ga abin da suka yi alkawari. In kuma shafi na matsayi na 12 zuwa 20, take kaɗai ba zai haye da shi ba. Yana bukatar ƙarin bayani, da mahaɗai daga sauran shafukan gidan masu ɗauke da sunan kayan maimakon "latsa nan". Wani lokaci za ka ga ana nuna ka a kan kalmar da ba ka taɓa tunani ba. Wannan kyauta ce, ko a shigar da ita cikin shafin, ko a gina mata nata.

A canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta ranar da tsohon take a littafi, a bar shi kwana 28, sannan a kwatanta da kwana 28 na baya. Mai canza take duk bayan kwana biyu ba zai taɓa sanin wanda ya yi aiki ba. Kada kuma mutum ya auna da wayarsa. Sakamako na canzawa da inda kake tsaye, abin da mai nema a Agege ya gani ba lallai shi na Lekki zai gani ba.

Mai shago na zahiri ya haɗa da Google Business Profile, don shi ke saka mutum a taswira in an nemi abu na kusa. A nan dokar ta juya: gurbin suna na ainihin sunan shago ne kawai. Wanda ya cusa masa kalmomin nema yana iya wayar gari an dakatar da shi. Kalmomin su tafi rukunin sana'a da bayani, kuma suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina. Wanda ya zo ya ce zai kai ka lamba ɗaya cikin mako guda, ka tambaye shi a kan wace kalma. In sunan shagonka ne, dama can kana wurin. In kuma talla zai saya, wannan mai alamar Sponsored ne, yana ɗaukewa ranar da kuɗi suka ƙare. Google da kansa ya ce babu mai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya.

Masu kayan lokaci, raguna da ɗinkin Sallah da dabino na azumi, su ne suka fi asara saboda jinkiri. Sabon shafi na bukatar lokaci kafin a karanta shi ya samu gurbi, don haka wanda ya ɗora nasa ana saura kwana biyar Sallah ya makara. A gyara shi tun ana saura mako shida zuwa takwas. Kalandar Musulunci tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, sai a lissafa daga ranar bana, ba ta bara ba. Bayan Sallah kuma kada a goge shafin. A bar adireshin yadda yake, a rubuta a sama cewa kayan bana sun ƙare, a bar lambar waya ga masu neman ragon suna ko na biki. Baɗi a canza shekarar da ke take da kanu, a sa sababbin hotuna da farashi, a nemi Search Console ya sake karantawa. In dole ta sa aka canza adireshi, mai gini ya saka karkatarwa ta 301 daga tsohon zuwa sabon, in ba haka ba duk mahaɗin da aka taɓa turawa a WhatsApp da Facebook zai riƙa kai mutane shafin kuskure na 404.